Naɗin Kuza a Bayan Makaranta

A tsaye nake rubuta muku wannan, a madafi, ina jiran ruwan shayi ya tafasa. Gawayin ya sha ruwan sama ya ƙi kamawa, ni kuma ban matsa masa ba. In kun ga zancen yau yana tsalle-tsalle, ku yi mini uzuri. Tun ranar Laraba jikina ya ƙi zama wuri ɗaya. In na zauna bakin gado sai in ji kamar an kira ni a tsakar gida. In na fito, kaji ne kawai da ruwan da ke ɗiga daga indararo.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Ummukulthum, a gida Ummu. A Bukuru muke, a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da kamfanin kuza ya gina tun kakana yana saurayi. Ɗakin Mama har murhun ɗumama gare shi a jikin bango, irin na Turawa, ta mayar da shi ma'ajiyar tukwane. In iska ta biyo ta bututunsa sai tukwanen su kama gunaguni, kamar tsofaffi sun haɗa kai suna gulmar wani. Ina ƙarama na ɗauka ma'aikatan kuzar da suka mutu ne suke hira. Har yanzu ban gama daina ɗauka ba.

Gobe Asabar iyayen Sharafaddeen za su zo sa ranar aurenmu. Ina son sa, yana so na, babu wanda ya tura wani.

Sharafaddeen yana tsaron kemis ɗin kawunsa a bakin kasuwa. Siriri ne mai dogon wuya, kullum da suwaita ruwan toka a kan kaftani, kullum yana ƙanshin man zafi da kanumfari. Yana da wata ɗabi'a: ba ya iya riƙe takarda ya bar ta a miƙe, sai ya naɗe ta. Kakansa mai sayen kuza ne, kuma masu sayen kuza na da suna da wani naɗi da suke ƙunshe samfur a ciki in za a kai awo, don kada ƙwaya ɗaya ta zube a hanya. Kusurwa uku ne, ba zare, ba gam, da 'yar wutsiya da ake cusawa a ciki. Ko da bango ka buga shi ba ya buɗewa. Amma in ka san inda wutsiyar take ka ja, sai ya baje a tafin hannunka kamar fure. Kakan ya rasu, kamfanin ya tafi, naɗin ya saura a yatsun jikansa yana ƙunshe wa tsofaffi maganin ciwon gwiwa.

A cikin irinsa ya fara ba ni 'yan kunne. Na juya, na matsa, har haƙori na sa.

"Haka za ki cinye kyautar tun ba ki gan ta ba?" in ji shi.

Sai ya nuna mini wutsiyar. Buɗewa kaɗai na iya, naɗewa ta gagare ni.

Duk ranar da ya zo zance, ƙanwata Hussaina ce ke shimfiɗa masa tabarma a zaure ta kai masa ruwa, ni kuwa ina ciki ina ja masa aji. Mama ce ta koya mini. Ta ce kada in kuskura in fito da wuri, raini yake jawowa. Sai in sa kwalli, in goge, in sake sawa, in canza mayafi, in tsaya jikin taga ina jin dariyarsu daga zaure.

Hussaina shekararta goma sha biyar. Tagwaye ne, Hassana ta rasu tun ba a yaye su ba. Bahaguwa ce, Mama ta yi ta make hannun har ta gaji ta bar ta. Tun bayan azumi ta zama mai barci. Ta dawo daga makaranta ta kwanta da rigar makaranta, a tashe ta ta ci loma kaɗan ta koma. Mama ta ce halin tagwaye ne, barcin mutum biyu take yi.

Ɗaya abin da ya kamata ku sani shi ne ni 'yar buhu ce. Haka mutanen gari suke kiran mu, 'Yan Buhu, har mu ma mun karɓa. Samari ne da 'yan mata, daga Bukuru har Angwan Rukuba, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci. Duk Laraba muna zagaya bayan makarantu muna tsince abin da yara suka sha suka yar: ƙananan ledojin giya, kwalaben maganin tari, katin ƙwaya, gwangwanin sholisho. Sai mu bincika wa ya sayar. Asabar da safe mu ɗauki buhun mu kai ƙofar shagonsa mu zazzage, mu zauna a gefe shiru. Ba zagi, ba duka. Kayanka ne, mun dawo maka da su. Wani ya yi borin kunya, wani ya rufe shago ya gudu, wani ya fito da tsintsiya yana shara kansa a ƙasa, duk layi na kallo.

In kuwa yaro muka gano yana sha, ba a kai buhu. Shugabarmu ce ke shiga gidan ta zauna da uwar, daga nan a kai shi wajen masu duba irin wannan a asibiti. Sai dai duk unguwa ta san fuskar shugabar tamu. In aka ga ta shiga gida, an san abin da ya kai ta.

Klaudiya sunanta, 'yar Angwan Rukuba, gajera mai murya irin ta kwandastan mota. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a bakinta. Ƙaninta ya sha giyar leda da abokansa ya faɗa tsohon ramin kuza, ruwan bai dawo da shi ba sai bayan kwanaki. A gida sun san yana sha.

"Mun ce bari Kirsimeti ya wuce mu yi masa magana," ta taɓa gaya mini.

Tun daga nan dokarta ɗaya ce: ba a jira.

Ranar Laraba ina sa takalmin roba da koriyar rigarmu ta aiki, sai ga Mama ta tsaya a kaina da muciya a hannu.

"Ina kuma za ki?"

"Tsinta, Mama. Yau Laraba."

"Tsinta. Ku ji ta. Yarinyar da za a sa wa rana a makon nan tana yawo da buhu kamar 'yar jari-bola."

"Yau kaɗai. Bayan makarantar su Hussaina ne, nan kusa."

Muciyar ta tsaya a hannunta.

"Duk makarantun garin nan, sai can?"

"Layi ne ya zo kanta."

"Gwaggon yaron nan a kasuwar Farin Gada take sayar da kabeji. Babu direba ko ɗan dakon da ba ya kai mata labari. In aka ce an gan ki kina warin giya fa?"

"Sai a ce mata tsinta na yi, ban sha ba."

"Ita hancinta za ta yarda da shi, ba bakinki ba. Cire rigar nan, Ummu."

Ban cire ba. Na rufe ta da hijabi na fita, ta bi ni da kallo har zaure. Na ɗauka kunyar surukai ce ke damun ta.

Bayan makarantar akwai shingen ƙyarana mai ƙaya, bayan shingen kuma wani tsohon ramin kuza cike da ruwa kore shar. Ba ya gudu, ba ya ƙafewa, kifi ba ya zama a ciki. In ka jefa dutse ba ka jin ya sauka. Kwalaben da aka yar a gaɓarsa, in iska ta bi ta bakinsu, kowace da kukanta. Na taɓa tsayawa ina saurare har Isa, ɗan ƙungiyarmu mai ɗaukar babban buhu, ya ce in aljanu ne in gaishe masa da su.

Muna cikin tsinta Klaudiya ta kira ni.

"Ummu, zo ka ga wani abu. Mai wannan kaya ɗan gayu ne."

A gindin ƙyarana takardu ne birjik, na littafin makaranta, wasu sun jiƙe sun narke, wasu an yage su. Amma akwai waɗanda suka faɗi ba a buɗe ba. Kusurwa uku. Ba zare, ba gam.

Klaudiya ta ɗauki ɗaya tana kokawa da ita, har ta gaji ta yage. Jar ƙwaya ta faɗo cikin taɓo.

Ni kuma ban san lokacin da na sunkuya na ɗauki wata ba. Yatsuna ne suka yi aikin, ban sa su ba. Suka lalubo wutsiyar suka ja, takardar ta baje a tafina, ƙwayar na zaune a tsakiya.

Klaudiya ta dubi hannuna, ta dubi fuskata.

"Ka san shi?"

"Sa'a na yi."

"Sa'a." Ta goge hannu a wando. "Ƙwaya ɗaya-ɗaya a takarda haka, na yara ne. 'Yan mata ƙanana, Ummu. Asabar za mu mayar masa da kayansa. In ka san ƙofar, ka faɗa."

Na ce to. Na ɓoye guda ɗaya a cikin safata.

Ku da kuke karatu, na san abin da kuka faɗa a ranku, don shi na faɗa a nawa. Mutum ɗaya na sani a duniya da ya iya wannan naɗin, kuma a kemis yake.

Alhamis ta zo mini kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya. Tela ya aiko da ɗinkina, atamfa ruwan zuma mai zanen ganye, da mayafi mai duwatsu a baki. Na gwada, na cire, na sake gwadawa, ban ga kaina a madubi ba. Mai lalle ta zo ta ce in miƙe ƙafa in daina motsi. Na motsa har furen da take zanawa ya koma kamar gizo-gizo. Ta ce a shekarunta na lalle ba ta taɓa ganin amarya mai ƙafar akuya irina ba.

Waya kuwa tana ta haske a gefena, saƙonnin Sharafaddeen na ta shigowa.

"Ranki ya daɗe, shiru haka?"

"An kawo goro da alewa. Na ɗanɗana miki alewar, ta ci jarrabawa."

"Ko Klaudiya ta saka ki a buhu ne? In haka ne ta zazzage ki a ƙofata, ba zan share ba."

Na karanta wannan na ƙarshen, na kifa wayar. Ban amsa ko ɗaya ba.

Da yamma na ce wa Mama zan sayo zare. Na tafi kasuwa na tsaya bayan rumfar mai masa, daidai inda ake hango cikin kemis ɗin. Ina kallo wata tsohuwa ta zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ƙirga mata magani, ya yago takarda. Yatsunsa suka yi abin nan nasu, da sauri, ba ya ko dubawa. Yara 'yan makaranta suka wuce, na bi su da ido in ga ko wata za ta ratse. Babu wadda ta ratse. Na ce a raina ai ba zai yi da rana ba. Sai kuma na ji kunyar abin da na faɗa. Sai kuma na sake faɗa.

Mai masa ta ce, "'Yan mata, saye za ki yi ko gadi?"

Na sayi masar da ban ci ba, na dawo ba zare.

Yau Juma'a bayan la'asar ya zo. Na ji sallamarsa, na zari mayafin da ya fi kusa, na ɗauki tabarmar da kaina na fita. Ba kwalli, ba turare.

Yana tsaye yana karkaɗe ruwa daga lemarsa. Ya buɗe ido.

"Yau lafiya? Ni da na saba yin furfura a zauren nan kafin ki fito."

Na shimfiɗa tabarmar. Ya zauna, na zauna a ɗaya bakin. Na ciro takardar na ajiye a tsakaninmu.

Murmushin ya sauka daga fuskarsa a hankali. Ya ɗauka, ya juya ta, ya ja wutsiyar. Ya daɗe yana kallon ƙwayar.

"A ina kika samo?"

"Bayan makarantar 'yan mata. Ba ɗaya ba ce, ba goma ba ce."

"Kuma kika ce ni ne."

"Ban ce ba."

"Tun shekaranjiya kike faɗa, da shirunki." Ya shafa wuyansa. "Na gan ki jiya wajen mai masa. Na ɗauka kunya ce ta hana ki ƙarasowa. Har na nuna wa kawu ke, na ce ya ga irin tarbiyya."

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

"Sharaf, wa ya iya naɗin nan in ba kai ba? Ka faɗa mini. Ni ma so nake in samu abin da zan gaya wa zuciyata."

Ya mayar da takardar yadda take, yana bin layin da ke jikinta. Sannan ya ciro wata daga aljihun suwaita, ya naɗe ta, ya jera su biyun a kan tabarma.

"Duba wutsiyar."

Na duba. Iri ɗaya ne, kuma ba iri ɗaya ba. Tasa ta shige ta dama. Ɗayar ta shige ta hagu, kamar ka ajiye tasa a gaban madubi.

"Ko na so ba zan iya yin wannan ba," in ji shi. "Hannuna ba ya juyawa haka. Bahago ne ya naɗe ta."

Iska ta kaɗa labulen zauren. Ruwa na ta buga kwanon rufi.

"Wa ka koya wa?"

Ya dubi ƙofar cikin gida, ya sauke ido kan wurin da ake ajiye masa kofin ruwa. Yau babu kofi.

"Mutum ɗaya na taɓa koya wa. A nan zauren. Kina ciki kina canza mayafi, mu kuma ba mu da abin yi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Rana ɗaya ta iya. Har na ce mata da Kaka yana raye da ya ɗauke ta aiki."

Ban yi kuka ba. Na kai hannu na ɗauke takardar ta hagu.

"Ni ban ji ba, ban gani ba," ya ce. "Daga bakina babu mai ji."

"In gwaggonka ta ji daga wani bakin fa?"

Bai yi mini ƙarya ba, kuma na gode masa.

"Ni ina nan, Ummu. Amma ita ta raine ni, kawu kuma ba ya ƙetare maganarta. Ita ta fasa auren yayana, don an ce ƙanin yarinyar yana shaƙar sholisho. Cewa ta yi abin a jini yake bi." Ya miƙe ya ɗauki lema. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Gwaggo zan iya roƙon ta. Tsayuwar da kika yi wajen mai masa ce ban san inda zan ajiye ta ba."

Ya fita cikin ruwa, lemar a rufe a hannunsa.

Na shiga ɗakin Mama. Hussaina na zaune a gaban murhun tukwane, ta miƙe ƙafa, faranti babba a cinyarta. Mama ta sa ta ƙulla turaren wuta da za a raba wa mata baƙi gobe. A leda aka ce ta ƙulla. Ita kuwa ta yanka farar takarda. Farantin cike yake, an jera su layi-layi kamar 'yan tsaki, kowane da wutsiyarsa ta hagu. Ɗakin na ƙanshin hawi da sandal.

"Yaya Ummu, kin gani?" Ta ɗaga ɗaya, idonta rabi a rufe, tana murmushi. "Ko a jefa ba ya zubewa. Baƙi za su ce daga Makka aka kawo."

Na durƙusa na ajiye jiƙaƙƙiyar takardar a tsakiyar fararen.

Hannunta ya tsaya a sama.

"Wa yake ba ki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Hussaina. Ba dukan ki zan yi ba. Wa yake ba ki?"

"Wata anti ce, mai awara a bakin makaranta." Da ƙyar nake jin ta. "Da a leda take sawa, malamai suna ganewa. Ta ga ina wasa da takarda. Ta ce in na naɗe mata, nawa kyauta ne. In an gani sai a ce wasiƙar ƙawaye ce."

"Kina sha."

Ta gyaɗa kai.

"Me kike ji in kin sha?"

"Shiru." Ta taɓa gefen kanta. "Nan ya yi shiru. Sai in ji kamar akwai wata a gefena tana numfashi tare da ni. Yaya, ko Hassana ce?"

Tukwanen cikin murhu suka yi gunaguninsu. Na kama hannunta na hagu, sanyi ƙalau, duk yatsun ƙanshin turare.

Sai na ga inuwa a ƙofa. Mama ce, da ƙwaryar shinkafa a hannu. Ta dubi farantin, ta dubi takardar da ta fita daban. Ba ta tambayi mene ne ba. A nan na gane.

"Kin sani, Mama."

Ta ajiye ƙwaryar ta jawo ƙofa.

"Watan jiya na gani a aljihunta ina wanki. Na ƙona. Na karɓo mata rubutu ta sha. Ta rantse mini ta bari."

"Shi ya sa kika ce in cire rigar."

"Rage murya, babanku ya kusa dawowa." Ta zauna a bakin gado, sai na ga ta tsufa a gabana. "Ummu, bari gobe ta wuce. A sa ranar nan, baƙi su tafi, jibi ki kira wadda za ki kira. Yini ɗaya na roƙe ki."

"Watan jiya me kika ce a bari ya wuce?"

"Tambayar aurenki. Lokacin suna bincike a kanmu."

"Bayan gobe kuma lefe. Bayan lefe biki."

"To so kike in ɗauki aurenki in jefa a rami da hannuna? Ke ma 'yata ce."

Ina son auren nan, kada wani ya ce muku ba na so. Na riga na zaɓi labulen ɗakina a raina, na san inda zan rataye suwaitar nan ruwan toka. Yini ɗaya ne. Wa zai mutu a yini ɗaya? Na ji bakina yana shirin cewa to.

Sai waya ta yi ƙara a hannuna. Klaudiya.

"Isa ya zaga kasuwa. An ce akwai kemis ɗaya da yake naɗa magani haka. Ka san wanda nake nufi. Gobe da safe za mu kai buhu. Ka yi haƙuri, Ummu. Ba sai ka zo ba."

Na karanta, na sake karantawa. Na hango Sharafaddeen da tsintsiya a ƙofar kemis, kansa a ƙasa, duk layi na kallo, a safiyar da za a sa mana rana. Mutumin da laifinsa kawai ya jira ni a zaure.

Na rubuta, "Ba shi ba ne."

"To waye?"

Mama na kallon yatsuna. Hussaina ta kifa kai a gwiwa.

"Ku bar buhun," na rubuta. "Ba aikin buhu ba ne. Gidanmu za ki zo. Ƙanwata ce. Ta faɗi mai ba ta."

Na tura. Alamar ta koma shuɗiya. Aka ɗan jima ana rubutu, ana gogewa.

"Ba zan jira gobe ba. Ina cikin motar Bukuru. Ka riƙe ta kusa da kai."

Na nuna wa Mama. Ta rufe baki da gefen zaninta. Kafin ta ce komai muka ji an sauke abu mai nauyi a zaure, da muryar ɗan dako yana cewa a kula da tumatir. Sannan wata murya, babba, irin ta wadda ta saba yin ciniki daga wannan bakin kasuwa zuwa wancan.

"Salamu alaikum, masu gida. Na ce bari in kawo muku kayan miya tun yau, in ga 'yata, kada gobe maza su cika mana wuri."

Gwaggon Sharafaddeen.

Mama ta amsa sallamar da muryar da ban san tana da ita ba, mai daɗi, mai fara'a. Sannan ta damƙi hannuna, ta yi magana a kunnena.

"Kira Klaudiyar nan. Ki ce ta sauka ta koma. Don girman Allah, Ummu."

Na zare hannuna a hankali. Na ɗauko babbar tabarmar da muka ajiye don gobe na kai tsakar gida, ƙarƙashin rumfa. Gwaggo ta shigo da leshi ruwan goro da takalmin roba, tana ƙanshin albasa mai lawashi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙe haɓata tana duba ni kamar kabeji, ta ce tubarkalla, ta ce lallen wa ya zana haka. Sannan ta dubi tabarmar.

"Duk wannan ni kaɗai? Ko akwai wasu baƙin?"

"Akwai mutum ɗaya, Gwaggo," na ce. "Tana hanya."

Shi ne na shigo madafi. Daga nan ina hango Hussaina ta fito ta zauna a bakin tabarmar, inda na ce ta zauna, farantin turaren na gabanta. Gwaggo ta ɗauki ɗaya tana juyawa, tana cewa rabonta da ganin wannan naɗin a hannun wani ba Sharafa ba tun babanta yana raye.

Gawayin ya kama. Ruwan ya fara kuka. Na jera kofi uku a faranti, na ƙara na huɗu.

A zaure wata murya irin ta kwandastan mota tana cewa gafara dai.